Ra'ayinmu: Garin Harza na Gwangwani da Tukunyar Isawan

Talla ba ta jiran kwalta. Duk inda waya ta kama layi, can take sauka, ko da mota ba ta zuwa garin sai ranar kasuwa. A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shiga sahun abubuwan da ake yi wa kirari a WhatsApp da Facebook: gari ne a gwangwani ko a 'yan ƙananan ledoji, ana cewa a ɗebi cokali guda a zuba a kunu, ko a fura, ko a barbaɗa a miya, wai ciki zai saki, basir ya kwanta, suga ya sauka, tumbi ya zube. Masu tallar suna kiransa faiba. Ɗan da ke ci-rani a Kano ko Agadas, mai neman albarkar iyaye, yana iya sayensa ya aiko gida Isawan, can gundumar Mayahi a maƙwabtaka da ƙasar Tasawa, haɗe da saƙo: "Baba, a riƙa zuba maka a fura kullum da safe." Niyyar ba ta da aibi. Abin da muke son dubawa shi ne ko wannan gari ya cancanci ya zauna kusa da gishiri da daddawa a madafar gidajenmu.

Abin da suke kira faiba, Bahaushe ya san shi da harza. Ita ce ɓangaren tsiro da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa: ɓawon ƙwayar hatsi da ake surfewa ya zama dusa, da fatar wake, da jijiyoyin ganye, da saƙar nan da ke maƙalewa a haƙori idan an gwaguyi goriba. Wata ba ta narkewa a ruwa, aikinta ta ƙara wa bayan gida auki ta tura shi ya wuce. Wata kuwa tana shan ruwa ta kumbura ta yi yauƙi, sai ta rage saurin da suga ke shiga jini, ta kuma ja wani kaso na kitsen jini ta fita da shi. Wani ɓangare nata idan ya isa babban hanji, ƙananan halittun da ke zaune a can su ke cinye shi, su fitar da sinadaran da bangon hanjin ke rayuwa da su.

Babu gardama a kan cewa jiki na buƙatarta. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 a yini, yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 21, ɗan shekara 2 zuwa 5 giram 15. Kafin nan, a 2019, mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban nazari da ya tattara bincike sama da ɗari biyu, ya nuna masu cin harza da yawa sun fi masu cin kaɗan tsira daga ciwon zuciya da shanyewar jiki da ciwon suga da sankarar hanji, da ratar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Sai dai akwai wata magana a cikin shawarar hukumar da mai talla ba ya faɗa. Harzar da take nufi ita ce wadda ke cikin abinci yadda aka halicce shi: hatsin da ba a sheƙe masa ɓawo duka ba, da wake, da ganye, da 'ya'yan itace. Mutanen da aka bi sawunsu shekara da shekaru aka ga sun fi lafiya, abinci suke ci. Amfanin da suka samu ya zo ne tare da duk abin da ke cikin ƙwayar wake, kuma ba a tabbatar da cewa garin da aka tace aka zuba a gwangwani yana ɗauke da wannan amfani gaba ɗaya ba.

Ya kamata mutanenmu su san cewa wannan ilimi daga akushin Afirka aka tsinto shi. Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, ya zo Uganda a 1946 ya yi shekaru yana aiki a asibitin Mulago na Kampala. Ya lura cewa cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila ba kasafai yake ganinsu a wurin mutanen karkara ba, ya bi diddigi har da auna nauyin bayan gida, ya ɗora bambancin a kan harza. Ba duk abin da ya faɗa ne ya tabbata ba, domin a wancan zamani mutane da yawa ba sa kaiwa shekarun da sankara ke bayyana, kuma ba kowa ke zuwa asibiti ba. Amma gundarin maganarsa ya tsaya. A 2010 kuma wasu masana daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Bulpon na Burkina Faso da yaran birnin Fulorans. Yaran Bulpon gero da dawa da wake da ganye suke ci, cimar da kowane ɗan Isawan zai gane. Harzar da suke samu ta kusa ninka ta yaran Turai, kuma ƙananan halittun hanjinsu sun fi yawan iri da ƙwarewa wajen sarrafa ta. Akwai wani abu na biyu da binciken ya nuna game da waɗannan yara, za mu dawo kansa.

To, a ba garin haƙƙinsa. Mafi inganci a cikinsu ɓawon irin wani ɗan tsiro ne da ake nomawa a jihohin Gujarat da Rajastan na Indiya. Indiyawa na kiransa isabgol, a jikin gwangwani kuma za a ga an rubuta Psyllium ko Ispaghul. Ba sabon abu ba ne: tun 1934 ake sayar da shi a Amurka da sunan Metamucil, kuma a 1998 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a rubuta a jikinsa cewa yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya idan an haɗa shi da cima mai ƙarancin kitse. An gwada shi a kan marasa lafiya sau da yawa. Yana tausasa bayan gida, yana ɗan sauke kitsen jini, yana ɗan rage hauhawar suga bayan cin abinci. Mun ce "ɗan" da gangan, domin iyakarsa ke nan. Ba ya maye gurbin maganin suga ko na hawan jini.

Akwai waɗanda wannan gari rahama ne a gare su. Tsohon da haƙora suka zube, ba ya iya tauna wake ko aya, ya koma kunu da shayi da burodi. Majinyacin da ya daɗe a kwance. Mai cikin da ƙwayoyin ƙarin jini na awo suka busar mata da ciki, har tana tunanin daina sha, alhali daina shan ya fi taurin cikin haɗari. Mai basir da yunƙuri ke tsaga shi kullum. Direban da ke kwana a hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko ɗalibin da ke haya a birni, wanda cimarsa ba ta wuce shinkafa da taliya ba. Ga irin waɗannan, cokalin isabgol a kofin ruwa ya fi a riƙa ɗirka wa hanji filasko ko ƙwayoyin wankin ciki kullum, masu murɗa ciki da zubar da ruwan jiki. Wanda ya ce garin ƙarya ne gaba ɗaya bai yi adalci ba.

Amma yana da sharuɗɗa, kuma sharaɗin farko shi ne ruwa. Kowane cokali sai da cikakken kofi, a sha nan take kafin ya daskare, a ci gaba da shan ruwa cikin yini. Wanda ya afa shi a bushe, ko ya dama shi da kauri, zai iya maƙale masa a maƙogwaro ko ya toshe masa hanji, kuma masu yin sa da kansu sun rubuta wannan gargaɗi a jikin gwangwani. An rubuta shi da Turanci ko Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, a ƙasar da manya da yawa a karkara ba sa karanta boko. A tuna da zafin watan Afrilu da Mayu a arewacin jihar Maraɗi, a tuna da manomin da ke wuni yana zufa a gona, a tuna da mai azumi. Taurin cikin da yawa daga cikinsu ƙarancin ruwa ne, kuma ƙara gari mai zuƙe ruwa a kan busasshen hanji ƙara wa Borno dawaki ne. Haka nan garin yana iya rage shigar wasu magunguna cikin jiki, shi ya sa ake so a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayoyi.

Sannan ba duk abin da aka kira faiba ne isabgol ba. Wasu daga sitacin alkama ake yin su, wasu daga saiwar wani tsiro. Suna narkewa sarai a ruwa ba yauƙi, abin da ke sa su daɗin talla, amma rashin yauƙin nan ne ke sa ba sa aikin da isabgol ke yi, wasunsu kuma kumburin ciki da tusa suke jawowa. Mafi muni su ne haɗe-haɗen "rage tumbi" da "wankin hanji" da ake ƙullawa ba sunan mai yi, ba lambar hukuma, waɗanda sau da yawa maganin zawo ne a ciki. Mutum ya sha ya yi ta zarya, ya ɗauka harza ce ke aiki.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne garin ya zama mayafin cuta. Dattijon da bayan gidansa ya sauya a 'yan watanni, yana ganin jini, yana ramewa ba dalili, asibitin gunduma na Mayahi ko na Tasawa ya kamata a kai shi, daga can in ta kama a wuce Maraɗi. A wurinmu kusan duk abin da ya shafi dubura basir ake ce masa, kuma kunya na sa a yi shiru. Idan gwangwani ya sauƙaƙa masa fita na wata uku, wata ukun nan an ɗebe su ne daga lokacin da likita zai iya yin wani abu. Haka saurayin da tiramol ya ɗaure wa ciki: ƙwayar ce matsalarsa.

Mu leƙa madafa yanzu. Matan Isawan sun daɗe suna zuba garin harza a abincin yau da kullum, tun kafin a san gwangwani. Garin kuka da ake kaɗawa a miya shi ne. Busasshiyar kuɓewa da aka daka ita ce. Haka lalo, haka karkashi. Yauƙin da ke sa loma ta wuce ba tauna, dangin yauƙin da isabgol ke yi ne a kofi. Ɗanwake kuwa ya haɗa biyu a kwano ɗaya, wake da kuka. Ga kwaɗon zogale da na rama da na tafasa da ƙuli-ƙuli, ga yakuwa a gefen kowace gona, ga goribar Gulbin Kaba, ga magarya da aduwa da kanya da yara ke tsinta, ga ayar da jihar Maraɗi ta yi suna da ita. A yi lissafi: giram 100 na dafaffen wake na ɗauke da harza giram 6 zuwa 7, cokalin garin gwangwani kuwa wajen giram 3 ne. Ludayi biyu na wake sun kai mutum rabin abin da yake buƙata a yini, kuma sun zo masa da abin gina jiki da sinadarin ƙarin jini waɗanda babu su a gwangwani. Farar shinkafa dafaffiya mai wannan nauyi, harzarta ba ta kai rabin giram ba.

Ba za mu yi wa kanmu daɗin baki ba, wannan arziki yana zubewa. Shinkafar waje da makaroni da burodi sun shiga karkara, kuma akwai dalili: sun fi saurin dahuwa, sun fi cin itace kaɗan, sun ɗauke wa mace surfe da daka bayan ta wuni tsakanin rijiya da gona. Wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba bai kamata ya yi wa mata wa'azi a kan wannan ba. Injin surfe ma hutu ne, sai dai yakan sheƙe ƙwaya har ta yi fari tas, kuma farin tuwo ya zama abin yabo. Dusar ba ta ɓata, jar akuya na ci ta ba da nono, amma da za a ce wa mai inji ya sassauta hannu, mutum da akuya duk za su samu rabonsu. Wake kuma, wanda Nijar ce ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Najeriya, a gidaje da yawa ya zama kayan sayarwa. Da kaka ake auna shi a biya bashi, a yi hidimar biki, motoci su kwashe shi zuwa Jibiya da Dawanau, gida kuma ya wuni da fura. A da ana cewa ƙwari ne ke hana ajiya. Tun wajen 2007 buhun nan mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi kuma suka gwada, ya nuna ana iya ajiye wake watanni ba tare da magani ba. Abin da ya rage yanzu matsin aljihu ne, kuma gwangwanin da ake shigowa da shi daga ƙetare ba ya rage wannan matsi, ƙara shi yake.

Sai batun yara, inda muke roƙon a saurare mu da kyau. Abu na biyu da binciken Bulpon ya nuna shi ne yaran, duk da yalwar harzarsu, ƙarfin abincin da suke samu ya gaza na yaran Italiya sosai. Wannan ita ce matsalarmu ta gaske. Binciken abinci mai gina jiki na ƙasa na 2022 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani. Wanda ya ga cibiyoyin tamowa a 2005 bai manta ba. Cikin yaro ƙarami ne. Kunun da aka cika da ruwa da dusa yana cika masa ciki ya bar shi da yunwa, kuma ɓawon hatsi na ɗauke da wani sinadari mai riƙe ƙarfen jini ya hana jiki amfana da shi, ko da yake jiƙawa da tsimawa irin na kamu suna rage wannan. Yaron da aka yaye mai yake buƙata a kununsa, da gyaɗa, da garin wake, da nono, da ƙwai in an samu. Gari mai kumbura a ciki ya kashe sha'awar abinci, ga mai ƙiba a Amurka abin nema ne, ga ɗan shekara biyu a Isawan cutarwa ce. Idan aka barbaɗa shi a tukunyar gida, yaro da mai shayarwa da tsohuwa marar ƙarfi duk sai sun ci, ba wanda ya tambaye su. Haka kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gidaje suka koma tafasa da jiga da anza, harza ta yi yawa ne a cikin mutane, hatsi da mai ne suka yi kaɗan.

Wani abin lura: cikin garuruwan da ake sayarwa da tsada a Turai da Amurka har da kayan Sahel. A 2008 Tarayyar Turai ta amince da sayar da garin 'ya'yan kuka, wanda kusan rabinsa harza ne. A ƙarshen 2021 Amurka ta sanya ƙaro cikin jerin abubuwan da ake lissafawa a matsayin harza, ƙaron da Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa, mu ma muke da shi a gabashin ƙasa. Ba muna cewa kuka da kuɓewa sun yi daidai da isabgol wajen magani ba, domin shi an gwada shi a asibitoci, su kuwa ba a yi musu irin wannan gwaji mai yawa ba. Wannan aiki ne da ke jiran Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da INRAN: a auna harzar da ke cikin tuwo da miyar kuka yadda ake yin su a Mayahi, a auna abin da surfen inji ke ɗebewa in an kwatanta da na turmi, a faɗa wa mutane da Hausa a gidajen rediyon karkara.

Matsayinmu shi ne: garin harza magani ne na mutum guda, a kofinsa, na wani lokaci, bisa shawarar likita ko majo ko ungozoma. Ba kayan miya ba ne, kuma ba mu goyon bayan a mai da shi al'adar gida. Kada a zuba shi a tukunyar iyali, kada a ba ƙaramin yaro sai likita ya rubuta. Wanda aka ce ya sha, ya saye shi a farmasi, ya tabbatar isabgol ne zalla, ya fara da kaɗan, ya bi shi da ruwa. Muna kira ga hukumomin lafiya da su ɗebi samfurin haɗe-haɗen da ke yawo a kasuwannin mako su kai ɗakin gwaji na LANSPEX a Yamai, su bayyana abin da aka samu, su kuma wajabta wa masu shigo da na gaskiyar su sa gargaɗin ruwa da zane da Hausa, boko da ajami. Ma'aikatan awon ciki kuma, a lokacin da suke miƙa ƙwayoyin ƙarin jini, su faɗa wa mace tun da wuri cewa cikinta zai iya bushewa, su gaya mata wake da zogale da ruwa ne matakin farko, don kada ta daina sha a ɓoye.

Shi kuwa ɗan ci-ranin da ya ji Baba na kuka da ciki, ya fara tambayar Inna a waya: tun yaushe, akwai jini, yana ramewa, me yake iya taunawa? In amsar ta tayar da hankali, kuɗin gwangwanin ya zama kuɗin mota zuwa Mayahi. In kuwa taurin ciki ne kawai, ya aika a ware tiya goma ta wake da kaka a ɗaure a buhu mai riɓi uku, a riƙa dafa wa tsohon har ya yi luguf yadda zai ci ba haƙori, a ajiye masa tulun ruwa kusa da tabarmarsa.